Me Kake Gani Zai Faru? Kimiyya da Zane a Tsakar Gida

Iyaye mata da ke tsakar gida, sannunku da aiki. Iyaye maza da ke kasuwa ko gona ko kan hanya da rediyo a gefe, sannunku da ƙoƙari. Kakanni, ina gaishe ku da kyau. Maganar yau ta shafe ku ƙwarai, domin sau da yawa a gindinku jikoki suke wuni.

Shirinmu na yau a kan ƙananan yara ne, 'yan shekara 3 zuwa 5, waɗanda ba su kai shiga firamare ba. Za mu duba yadda za su fara koyon kimiyya da zane a gida, da hannunsu. Kada kalmar kimiyya ta tsorata kowa. Kimiyya ita ce mutum ya lura da abu, ya yi tambaya, ya gwada ya gani. Shi ke nan. Kuma duk gidan da ke da ɗan shekara 4 an san babu wanda ya kai shi tambaya.

Bari in fara da abin da ya faru da ni.

Lokacin da babbar 'yata take shekara 4, na shiga madafi wata rana na tarar ta juye rabin gishirin miyata a cikin moɗa. Tana ta juyawa da tsinken tsintsiya. Raina ya ɓaci. Na fizge moɗar, na daka mata tsawa, na ce wannan wace irin ɓarna ce? Ta ɗago kai, idonta cike da hawaye, ta ce, "Umma, ina gishirin ya tafi?" Ban amsa mata ba. Na kore ta waje.

Sai da dare ya yi, ta yi barci, tambayar ta dawo mini. Yarinyar nan ta ga abu fari ya shiga ruwa ya ɓace. So take ta san inda ya shiga. Ni kuma na rufe mata baki. Abin ya tsaya mini a rai.

Da gari ya waye na kira ta. Muka ɗebi ruwa kaɗan, muka zuba gishiri cokali 2, ta juya har ya narke. Na ce ta tsoma yatsa ta lasa. Ta yamutsa fuska. Na ce, "To, kin ji shi ko? Yana ciki." Muka zuba ruwan a baƙin faranti, muka ɗora a kan katanga inda rana ke bugawa. Kafin kwana 2 ruwa ya ƙafe. Ga gishiri fari fat ya kwanta a farantin. Ta ɗauka a guje tana kiran babanta, "Baba, ya dawo! Ya dawo!"

Masu sauraro, da irin wannan hanya ake samun gishiri a Bilma, can arewa maso gabashin Nijar. Ana tara ruwa mai gishiri a ramuka, rana ta shanye ruwan, gishiri ya rage. A yi kantu, a ɗora wa raƙuma, ayari ya keto sahara da shi. Aikin da manya suka yi ɗaruruwan shekaru suna yi, shi yarinya ta gani a faranti.

Daga ranar na riƙe tambaya guda. Ina so ku ma ku riƙe ta, domin za ku ji ta sau da yawa a shirin nan. Tambayar ita ce: me kake gani zai faru? In mace ce, me kike gani zai faru? Ki tambayi yaro tun kafin a gwada. Ki bar shi ya gwada da hannunsa. In ya ba da amsa, ko ba daidai ba ce, kada ki yi masa dariya, kada ki yi saurin gyara masa. Gwajin zai gyara masa. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Me ya sa muke matsawa a kan waɗannan shekaru? Domin kafin yaro ya cika shekara 5, ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babban mutum. A wannan lokaci yaro da hannu yake koyo, da ido, da hanci, da harshe. Abin da ya taɓa ya fi zama masa a kan abin da aka faɗa masa.

To, mu shiga kashi na farko. Wasan ruwa.

Kafin in ce komai, ga gargaɗi, kuma zan maimaita shi. Kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da ruwa. Ko a baho, ko a bokiti. Ruwan da bai wuce tsawon yatsa ba yana iya halaka yaro in ya kifa a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa yara 'yan ƙasa da shekara 5 suna cikin waɗanda nutsewa a ruwa ta fi kashewa. In an gama wasa, a zubar da ruwan, a kife bahon. Kada a bar yaro shi kaɗai da ruwa.

Yanzu ki samo baho, ki zuba ruwa rabi. Ki aiki yaron ya tattaro kaya da kansa. Dutse, ganye, cokali, murfin kwalba, ɓawon gyaɗa, guntun icce, ƙaramar ƙwarya. Ki ɗauki dutse ki ce, "Me kake gani zai faru, zai nutse ko zai taso?" Ya faɗa. Ya jefa da hannunsa. Waɗanda suka nutse a tara su a faifai ɗaya, waɗanda suka taso a wani faifan.

Yawancin yara za su ce abu babba shi ke nutsewa, ƙarami ya taso. Madalla, ya fara tunani. Sai ki miƙa masa babbar ƙwarya da ƙaramar tsakuwa. Ƙwarya ta zauna a sama, tsakuwa ta tafi ƙasa. Ki dubi fuskarsa a lokacin. Za ki ga ya yi shiru. Kada ki katse masa wannan shirun, aiki yake yi a ciki.

In akwai lemon zaƙi a gida, ki sa shi da ɓawonsa. Zai taso. Ki ɓare shi tas ki mayar. Sau da yawa zai nutse. Ya rage nauyi, amma ya nutse. Dalili shi ne ɓawon cike yake da 'yan ƙananan ramuka masu iska, su ke riƙe shi a sama. Ba sai kin yi wa yaro dogon bayani ba. Ki ce, "Rigarsa ce take ɗauke da iska." Ya isa.

Kun san masu sayar da ƙwan zabi da damina, yadda suke ajiye kwanon ruwa a gefe. Mai saye ya tsoma ƙwai. Wanda ya kwanta a ƙasa mai kyau ne, wanda ya taso a mayar. Wannan ma kimiyya ce. Ƙwai yana da gurbin iska a ciki. Yana daɗewa, ruwan cikinsa yana fita ta ɓawo a hankali, gurbin yana ƙara girma, har ya kai ga ɗaga shi. In za ki soya ƙwai, ki bar yaro ya yi miki wannan gwaji. Sannan ki zuba gishiri da yawa a ruwan, ya juya. Ƙwan da ya nutse ɗazu zai fara tasowa, domin ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi nauyi.

Mu wuce kashi na biyu. Nan zan ɗan daɗe, domin shi na fi so. Wasan zoɓo.

Ga kofuna 3 a gabana a ɗakin watsa shirin nan. Na gilashi ne, amma gorar ruwa ta roba da aka yanke ma ta yi, in dai ana ganin ciki. Na jiƙa zoɓo tun safe, ban sa sukari ba, ban sa komai ba. Na tace, na ƙara ruwa sosai har ya yi tsarara. Wannan yana da muhimmanci. In ya yi kauri, ba za a ga canjin ba sosai. A tsinka shi har haske ya riƙa ratsawa.

(Sautin zuba ruwa a kofi.)

Kofi na farko zan bar shi yadda yake, don mu riƙa kwatantawa. A kofi na biyu zan matsa lemon tsami. Masu sauraro, me kuke gani zai faru? Ga shi na matsa. Ja ne dama, amma yanzu ya washe, ya yi haske, ya yi ja mai ɗaukar ido.

Kofi na uku kuma, ga ruwan kanwa da na jiƙa. Zan ɗiga kaɗan. Ɗigo ɗaya, ɗigo biyu. Jan ya fara gudu. Ya yi duhu, ya koma shuɗi-shuɗi. Na ƙara, ga shi yana karkata zuwa kore. Ruwan da yake ja ɗazu-ɗazun nan.

Ba mu gama ba. Zan matsa lemon tsami a cikin wannan koren. Ku saurara.

(Sautin kumfa.)

Kun ji yana tsiyaya kumfa, yana shuu? Jan kuma yana dawowa. In yaro ya ga wannan, ba sai an ce masa zauna ba. Shi zai ce, "Umma, a sake!"

Me ya faru? A cikin zoɓo akwai wani sinadari da masana ke kira antosayanin. Shi ne mai ba zoɓo launinsa. Wannan sinadari yana sauya kama gwargwadon abin da ya haɗu da shi. In ya gamu da dangin tsami, irin su lemon tsami da tsamiya, sai ya yi ja. In ya gamu da dangin kanwa, irin su kanwa da ruwan toka da sabulu, sai ya yi shuɗi ko kore. Kumfar kuwa iska ce take fita idan tsami ya haɗu da kanwa. Irin iskar da ke tashi in an buɗe lemon kwalba.

Ku iyaye mata kun daɗe da sanin wannan. Wace ce ba ta taɓa jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami ba? Tsami da kanwa kowanne yana karya ƙarfin ɗan uwansa. A tukunya kuka san shi. Yau dai an zuba shi a kofi ne don yaro ya gani.

In ya saba, sai ki mai da shi mai bincike. Ki jera masa ƙananan kofuna na zoɓo. Ga ruwan tsamiya, ga ruwan toka, ga ruwan sabulu, ga ruwan randa zalla. Kowanne ki tambaye shi, me kake gani zai faru? Wannan ɗan gidan tsami ne ko ɗan gidan kanwa? Ruwan randa ba zai canza komai ba, sai dai ya ƙara tsinka shi. Wannan ma darasi ne.

Amma a kula. Babba ne zai riƙe ruwan kanwa da na toka, domin in suka shiga ido suna da zafi. In haka ta faru a wanke da ruwa mai yawa nan take. Kuma ki gaya wa yaro tun farko, "Wannan ba na sha ba ne." Ki ajiye masa nasa zoɓon na sha daban, a kofi daban. Kada a kawo kananzir, ko fetur, ko maganin ƙwari, ko ruwan bilic cikin wasan nan. Ko kusa.

Mutanen Kano, ko duk wanda hanya ta kai shi, in da hali ku kai yara karofin Ƙofar Mata. Tarihi ya nuna ana rini a wurin tun shekarar 1498. Da baba da toka da kanwa ake haɗa ruwan rinin. Ku tsaya ku sa yaro ya lura da kyau. Idan marini ya tsamo zane daga rami, kore-kore yake fitowa. Yana shan iska sai ya juye shuɗi a kan idonku. Iska ce take ƙarasa rinin. Shi ya sa marini ke tsomawa yana ɗagawa, yana tsomawa yana ɗagawa.

Za mu ɗan sha iska, mu dawo.

(Taken shiri.)

Barkanmu da dawowa. Ga wanda yanzu ya kama mu, muna magana ne a kan yadda yara 'yan shekara 3 zuwa 5 za su koyi kimiyya da zane a tsakar gida. Tambayarmu guda ce: me kake gani zai faru?

Kashi na uku, zane.

Zoɓon da ya rage wanda ba a tsinka ba kada a zubar. Fenti ne. A wannan karon mai kauri ake so. Ja ke nan an samu. Ruwan ɗorawa kuma, a dama garin kurkum, wanda wasu ke kira gangamau. Baƙi, a daka gawayi ya yi laushi, a haɗa da ruwa da ɗan ƙaro, kamar yadda ake haɗa tawadar allo. Fari, ga farar ƙasa. Ga jar ƙasa. Kore, a kirɓa ganyen zogale ko alayyafo a matse. Launi 6 ke nan, ba a je kanti ba.

Abin shafawa fa? A tauna bakin sabon asuwaki ya yi laushi. Ko gashin kaza da aka wanke. Ko yatsa, wanda ya fi duka. Takarda kuwa, kwalin taliya ko na sabulu a buɗe shi, ko bayan tsohuwar kalanda.

Ga wani da yara ke so ƙwarai. A shafe farar takarda da zoɓo gaba ɗaya, a shanya ta bushe. Yaro ya tsoma tsinke a ruwan lemon tsami ya yi zane. Layi ja mai haske zai fito. Ki tsoma masa wani tsinken a ruwan kanwa. Layi kore zai fito. Haka kurkum, in kanwa ta taɓa shi ja yake komawa. Duk wadda ta taɓa wanke tabon miya mai kori da sabulu ta ga yadda yake juyewa ja. Abu ɗaya ne.

Yanzu ina da roƙo, kuma da gaske nake. In yaro ya kawo miki zanensa, kada ki ce, "Wannan wane irin shirme ne?" Kada kuma ki karɓi tsinken ki ce, "Kawo in nuna maka yadda ake zana kaza." Ki ce, "Ba ni labarin wannan." Za ki sha mamaki. Abin da kike gani da'ira da layi biyu, zai ce miki Kaka ce za ta kasuwa, ga akuyarta, ga ruwan sama. Ɗan shekara 3 yakan zana mutum kai ne da ƙafafu kawai, babu ciki. Haka yaran duniya suke yi, a ko'ina. Mataki ne, zai wuce shi da kansa. Kuma wannan kwarafniyar da yake yi da tsinke ita take ƙarfafa 'yan yatsun da gobe za su riƙe alƙalami da fensir.

In kina gudun ɓata bango, ki ba shi moɗar ruwa da tsumma ya yi zane a kan siminti ko katanga. Ba tabo, ba wanki. Jim kaɗan zanen ya ɓace. Ki ce, "Ina ya tafi?" Ku yi ɗaya a rana, ɗaya a inuwa. Wanne zai riga ɓacewa? Ki jiƙa masa bayan hannu ki hura. Zai ce sanyi. Ruwa in yana tashi ya bi iska, yakan tafi da zafi. Shi ya sa ruwan randa yake sanyi, domin randa tana tsattsafo da ruwa ta jikinta. Da wannan hikimar Malam Mohammed Bah Abba, malami a jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya. A sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Tumatir da yalo su yi kwanaki ba su lalace ba, babu lantarki. A shekarar 2000 ya karɓi lambar yabo ta Rolex a kan wannan aiki.

Kashi na huɗu, laka.

Ki ɗauko takardar Naira 20 ki juya bayanta. Ki nuna wa yaro matar da ke gina tukunya. Ladi Kwali ke nan, daga garin Kwali a ƙasar Gwari. A gida ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya, da hannu, ba inji. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja. Tukwanenta sun je Turai da Amurka. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa. Ta rasu a 1984. Da yumɓu a tsakar gida ta fara.

Ki ba yaro yumɓu ko laka mai tsabta. Ya mulmula, ya murza ya yi igiya, ya naɗa ya yi 'yar tukunya. Ya yi saniya, ya soka mata ƙaho da tsinke. Ya danna ganye a jiki ya ɗaga ya ga jijiyoyin ganyen sun fito. Ku shanya ɗaya a rana mai zafi, ɗaya a inuwa, ku ga wacce za ta tsage. In babu yumɓu a kusa, a kwaɓa fulawa kofi 2 da gishiri kofi 1 da ruwa da ɗan mai. Yana mulmuluwa lafiya lau.

Amma a san inda aka ɗebo ƙasa. Ba daga bola ba, ba daga bakin kwata ba. Kuma ina kira da babbar murya ga mutanen yankunan da ake haƙar ma'adinai. A 2010, a jihar Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu saboda gubar dalma. Duwatsun zinariya ake kawowa gida ana dakawa, ƙurar ta gauraye da ƙasar da yara ke wasa a kai. Dalma ba ta wari, ido ba ya ganinta, amma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro. Kada a ba yaro ƙasa ko dutse daga wurin haƙa ko wurin niƙa. Kada a bar shi ya fasa tsohon batir don neman baƙin zane. Ƙananan batir masu kama da maɓalli kuwa, a ɓoye su nesa, haɗiye su yana ƙona maƙogwaro. An gama wasa, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

Kashi na biyar gajere ne, kuma naku ne iyaye maza. Malam, kada ka ce wannan harkar mata ce. Ranar da kake gida, ka kafa sanda a tsakar gida da safe. Yaro ya ajiye dutse a ƙarshen inuwarta. Da hantsi ya sake ajiye wani, da tsakar rana wani, da la'asar wani. Zai ga da safe inuwa doguwa ce ta nufi yamma. Tana ta gajarta har tsakar rana, sannan ta juya gabas tana ƙara tsawo. Ka gaya masa da haka kakanninmu suke gane shigar azahar da la'asar tun ba agogo. Kuma ka tuna motar kara da ka yi kana yaro. Ka zauna ka yi ta tare da shi. Kai ka riƙe wuƙa, shi ya soka ƙafafun. Ku yi ɗaya da ƙafa zagayayya, ɗaya da ƙafa mai kusurwa. Me kake gani zai faru?

Na san akwai wadda take saurare tana cewa, "Hajiya, ni da nake fama da surfe da wanki da girki, ga goyo a baya, ina na ga lokacin wannan?" Gaskiyarki, 'yar uwa. Ban raina aikinki ba. Amma ki saurari wannan. A 1907 wata likita mai suna Maria Montessori ta buɗe gidan renon yara a unguwar talakawa ta San Lorenzo a birnin Rum na ƙasar Italiya. 'Ya'yan ma'aikata ne da iyayensu ke fita nema tun safe. Cikin abubuwan da ta sa su yi har da shara, da zuba ruwa daga wannan mazubi zuwa wancan, da ɓalla maɓalli, da jera abubuwa daga ƙarami zuwa babba. Yau makarantu masu sunanta suna ko'ina a duniya, wasu da tsadar gaske. Waɗannan ayyukan kuwa duk suna tsakar gidanki. In kina tsintar wake, ki ba shi nasa faifan ya ware fari da ja. In kina tankaɗe, ki tambaye shi me ya sa tsaki ya ƙi wucewa ta rariya. In kina shanya, ya taɓa ya gaya miki wanne ya riga bushewa. Minti 10 a cikin aikin da dama kike yi. Wanda bai kai shekara 3 ba dai kada a ba shi wake ko gyaɗa ko tsakuwa, yana iya shaƙewa ko ya cusa a hanci.

Tun da mun ambaci wake, ga aikin da zan bar muku, kuma yau da daddare za a fara. Najeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noman wake, to babu gidan da za a rasa ƙwaya 10. A zaɓi masu kyau, waɗanda ƙwaro bai huda ba. A jiƙa su su kwana. Da safe a samo gorar roba 2 da aka yanke, a cusa jiƙaƙƙen tsumma ko auduga. A jera wake 5 a kowacce, a jikin gorar ta yadda za a riƙa ganinsu daga waje. Ɗaya a ajiye a bakin taga, ɗaya a cikin kwali a rufe. Tsumman ya kasance da danshi kullum, amma kada ruwa ya kwanta, waken zai ruɓe. Yaro ne mai ba su ruwa.

Cikin kwana 3 zuwa 5 za ku ga abu fari ya leƙo. Kafin nan ki tambaye shi, me zai fara fitowa, saiwa ko ganye? Ina za ta nufa, sama ko ƙasa? Na cikin duhun fa, zai tsiro ko ba zai tsiro ba? Ni ba zan faɗa muku amsar ba yau. Kowace safiya yaro ya duba, ya zana abin da ya gani a kwali da gawayi, ke kuma ki rubuta masa ranar a gefe. Ku ajiye zanen. Mako mai zuwa da yardar Allah, a daidai wannan lokaci, da waken nan za mu buɗe shiri, kowa da gorarsa a gabansa.